Alayyahun da Na Shuka a Cheras

Lokacin kullen korona, gida ɗaya muke zaune a Cheras, wata unguwa a ƙasar waje, da wani ɗan farfesa ɗan ƙasarmu. A gidajen malaman jami'a ya tashi, ni kuma a ƙaramar hukumar da ƙauyukanta suka kewaye birninsu, wadda yake kira “bayan katanga”. Da fita kasuwa ta yi wuya, sai na shuka alayyahu cikin bokitai a baranda. Wata safiya na tarar ya tuge shi tas, yana wanke hannu.

Ya ce, “Malam, na cire maka ciyawa, lah,” yana kwaikwayon maganar mutanen Cheras.

Na tsaya ina kallonsa. Digiri na uku yake yi a fannin noma, kan wayar da kan manoman yankinmu. Ranar gayan shinkafa muka ci, yana ta mitar ba ganye.