Na Je Neman Magani, Suka Yafe Mini

Mun tashi daga unguwarmu ta Nasarawa a Birnin Kebbi ana idar da sallar asuba, ni da ƙanena, muka nufi Argungu. Ciwon dajin hanji ne ya kwantar da ni tun bara. Likitan Sakkwato ya yi aiki ya cire abin da ya iya, daga baya ya ce ciwon ya haura hanta, in koma gida in riƙa shan maganin rage zafi. Ni kuwa raina bai gama da duniya ba. Da na ji labarin wani tsohon masunci mai maganin ciki a bakin gulbi, sai na ce a kai ni.

A tasha direban fijo ya dube ni sau ɗaya, ya bar mini gidan gaba ni kaɗai, wurin da aka saba cusa mutum biyu. Ashe rama ma da ranarta. A baya ana ta gardama kan arahar albasar bana, ana dariya, amma da na juya na sa baki sai kowa ya yi tsit, wani ya ce, "Sannu, malam." Daga Ambursa har muka isa, kowane rami a ɗinkin cikina nake jin sa. Na zuba wa fadama ido, shinkafa ta yi kore shar, ina tunanin ko da ni za a yanke ta.

Ba a shiga gari a tsallake dangi, don haka muka fara sauka gidan gwaggona. To a wajenmu, mai ciwo irin nawa in ya ɗauki ƙafa ya zo har gida, neman gafara ya zo yi. Kafin in sha ruwa an aika gida-gida, tsakar gida ta cika. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, ni kuwa kunu kaɗai cikina ke karɓa. Gwaggo ta kama hannuna tana hawaye.

"Ɗana, mun yahe maka duniya da lahira. Kai ma ka yahe muna."

"Gwaggo, magani fa na zo biɗa."

"Awo, awo," ta ce, kamar mai lallashin yaro.

Haka suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Har ɗanta, taubashina, wanda bai taɓa ganina bai kira ni bawansa ba, yau sai ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi. Wallahi wannan ladabin ya fi wuƙar likita zafi. Ina zaune a tsakiyar jinina, ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Bayan azahar muka samu masuncin yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ya danna cikina, ya duba idona, ya ƙulla mini saiwoyi da sassaƙe. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce za su sa abinci ya zauna, kada in bar maganin asibiti, sauran na Allah ne.

Mun shigo Birnin Kebbi gab da magariba. Uwargida ta karɓi ƙullin, ta zazzage jakata, ta ɗago kai.

"Malam, yanzu ka tahi har Argungu ka dawo ba ko busasshen kihi guda? Wallah ban yahe ba!"

Na yi dariya har ɗinkin ya motsa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, tun kafin ciwo ya ɗauke mutum, tausayin jama'a ya riga ya raka shi. In kun zo duba ni, ku zo da tsokana da ƙorafi. Duk faɗin gulbin nan, mace ɗaya ce ta rage da ke jiran in sake fita in kawo mata wani abu.