Daji Ba Ya Son Ƙarfe

A Aliero kowa ya tashi da jin cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe. Wai da allura ko wuƙa ta taɓa shi, sai ya farka ya bi jiki. Ni ma da wannan na tashi.

Lokacin dashen albasa ne wani ƙullutu ya fito wa mahaifina a wuya. Ya yi ta naɗe shi da rawani, har haɗiyar tuwo ta soma gagararsa. A asibitin Jega aka tura mu Sakkwato, wurin likitan da ya ƙware a kan daji.

Likitan ya latsa wuyan, ya duba hoton da aka ɗauka, ya ce hoto ƙullutu kawai yake nunawa. Sai an ciri ɗan nama kamar ƙwayar gero an duba a na'ura, sannan a san ko daji ne, da irinsa, da maganin da zai ji.

Baba ya gyara rawaninsa ya ce, "Likita, in ba ku tabbata daji na ba, don mi za ku yanka? In kuwa shi na, ai kun san ba a sa mai ƙarhe."

Muka koma gida. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi roƙo, na yi faɗa, har Inna, mahaifiyata, ta ce boko ya cire mini kunya. Baba bai yarda ba sai bayan an kwashe albasa, lokacin ko kunu da ƙyar yake wucewa.

Aka ciri naman. Daji ne, kuma ya riga ya bazu. Likitan ya gaya mini a hankali cewa ya daɗe da bazuwa, tun kafin a taɓa shi. Baba bai ga damina ba.

A zaman makoki, dangi daga Maiyama suna ta cewa ƙarfe ne ya tayar da ciwon. Na yi bayani har na gaji, ba wanda ya saurare ni.

Bayan Inna ta fita takaba, ina yi mata kitso, ta ɗaga hannu za ta miƙo mini mataji, sai na ga kumburi a hammatarta. Ta yi maza ta ja zane, ta riƙe hannuna gam.

"Ɗiyata," in ji ta, "don Allah kak ki kai ni wurin likitan ga."