Usta Zaglul da kwalinsa na finafinai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Usta Zaglul Abdul-Mun'im, mai guga na unguwarmu ta Shubra, yana da shekara saba'in da huɗu. An yi masa salla bayan la'asar, masallaci ya cika har bakin titi.

Usta, ba ka son mai kuka, don haka zan tuna ka yadda ka bar mu, muna dariya. Babu saurayi a layinmu da ya je neman aiki ko neman aure ba da karin gugarka ba, kuma irin wannan ranar ba ka karɓar komai, sai dai ka ce wa mutum ya daina doro.

Shekara uku yanar ido ta hana ka gani, guga ma da lalube kake yi. Amma da yake an san ka da son fim, mutane ba su daina kawo maka faifai ba, kai kuma kana jefawa a kwali. Da aka yi maka aikin ido a watan Oktoba, aka tarar da sittin da ɗaya. Ka ce duk sai ka kalla, daga sama zuwa ƙasa. Kullum da yamma ka zo wurin shan shayi ka yanke hukunci, kuma ba ka duba komai sai tufafi.

“Na yaƙin nan ƙarya ne,” in ji ka. “Soja ya kwana uku a rami, wandonsa da kari kamar ango.”

Na soyayya kuwa: “Yarinya ta sha kuka, amma wanda ya ƙona mata wuyan riga shi ya kamata ya yi kukan.” Na Indiya ka jinjina wa mai gugarsu, ka ce labarin ne ba ka gane ba. Wani na Faransa ka ce ba guga, ba magana, ka yi barci mai daɗi, Allah Ya saka musu.

Kowa yana dariya ban da ni, domin fim ɗina yana cikin kwalin. Shekara shida na yi ina haɗa shi, ya yi mako ɗaya a silima aka sauke. Ni da hannuna na cusa shi can ƙasa don tsoro. Na riga na gaya wa matata cewa in Usta ya ce ƙarya ne, zan sayar da kyamara in koma kantin maganin yayana a garin Ɗanɗa. Ina ta lissafi, saura tara, saura biyar. Ka rasu saura biyu, kuma ina jin kunyar faɗa, amma har da wannan a cikin abin da na yi wa hawaye.

Ranar uku, matarka Ummu Tamir ta kira ni gefe.

“Wa'il, ɗana, daina zumɓura baki. Naka ya fara kallo, ranar da aka cire masa bandeji. Sau uku ya kalla.”

“To, Mama, me ya hana shi faɗa?”

“Cewa ya yi kai ka sa shi a ƙasa, ka bi layi kamar kowa. Ya ce rigar uban nan na cikin fim ɗin an goge ta a gurguje da dutse mara zafi, yadda talaka ke yi in ya makara, kuma sai mai ido ke lura da haka. Ya ce ƙarshen ya yi tsawo, kuma kai sakarai ne. Matarka ta gaya mini zancen kyamara, ni na gaya masa. Ya ce in ka sayar, ko hankici kada ka sake kawo masa.”

Na yi dariya a gidan makoki har maza suka juyo. A ranar na kira yayana na ce ya nemi wani ya taya shi a kanti.

Allah Ya jiƙan ka, Usta, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga Ummu Tamir, da 'ya'yanka Tamir da Nirmin, da jikoki, da duk mutanen Shubra. Allah Ya ba mu haƙuri. Fim na biyu zan fara shi bayan salla, kuma zan rage ƙarshen.