Fasinjan da Bai Taɓa Zuwa Ko'ina Ba

Kafin direbobin tasi su fara jera motocinsu a harabar ofishin duba motoci, shi ya riga ya iso, ya rataye rigarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya sa ta aiki mai tabon baƙin mai. Ba ya gaggawa. Yakan zagaya mota kamar mai cinikin saniya, ya taɓa taya, ya sa a taka birki, a kunna fitila. Wannan duk abokan aikinsa ma suna yi. Nasa na daban yana zuwa ne a ƙarshe: sai ya buɗe ƙofar baya, ya shiga ya zauna, ya rufe, sannan ya gwada fita. Shi ya sa direbobi suka laƙaba masa Baba Fasinja.

Lokacin da majalisar jiha ta yi dokar cewa ba tasin da za ta ɗauki mutum sai an duba ta an ba ta lasisi, akwai wani sharaɗi da kusan kowa ya kau da kai daga gare shi: dole ƙofar fasinja ta buɗu daga ciki. Duk wanda ya taɓa shiga tasi ya san halin da ake ciki. Hannun ƙofa ya karye tun bara, an ɗaure shi da waya, in ka iso sai ka jira direba ya zagayo ya buɗe maka kamar wani babban baƙo. Baba Fasinja shi kaɗai ya ɗauki sharaɗin nan da gaske, ya kuwa sha zagi a kansa.

Zagin bare bai dame shi ba. Abin da ya taɓa masa zuciya shi ne ranar da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kawo tasa motar, wadda da ita yake ciyar da iyalinsa. Birki lafiya, taya sabuwa. Baba ya shiga baya, ya ja hannun ƙofa, shiru.

"Yaya, ni ne fa," in ji ƙanen, yana murmushi ta taga.

"Na gan ka. Buɗe min in fita."

Ya buɗe masa. Baba ya sauko, ya kaɗe wandonsa, ya ce, "Ka gani? Ni da nake yayanka ma sai da ka ga dama na fita. Je ka gyara ka dawo."

Ƙanen ya gyara, don ba yadda zai yi, ya karɓi lasisinsa ba tare da ko sannu ba. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidan yayansa, har yaransa ya hana zuwa. Matar Baba ta ce mijinta ya daɗe ba ya cin abincin kirki, amma bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Zumuncin nan ya yi sanyi har 'yan uwa suka gaji da sulhu.

Wata rana da tsakar rana, a wata mahaɗar hanya, wayoyin motar ƙanen suka kama hayaƙi. Masu shaguna a wurin sun shaida cewa direban ne ya fara dirowa, ya yi gefe da gudu, ya manta sam da cewa akwai wata tsohuwa da jikarta a baya. Kafin ya tuna ya juyo, tsohuwar ta buɗe ƙofarta da kanta, ta fito da yarinyar, tana tsaye tana yi masa faɗa.

Kai ne, Baba, ka buɗe ƙofar nan, ko da yake kana ofis a lokacin, kana zaune a bayan motar wani. Kai ne ka tuna cewa mai zama a baya ba shi da sitiyari, ba shi da birki, abin da yake da shi kawai hannun ƙofa ne. Tsohuwar ba ta san ka ba, kuma ba za ta taɓa saninka ba.

Makon jiya Baba ya yi ritaya. Ba shi da mota, don haka ya fito bakin titi da rigar aikinsa a leda. Sai ga tasin ƙanensa ta tsaya a gabansa. Baba ya shiga baya, ya rufe, hannunsa ya kai kan ƙofa da kansa. Ta buɗu.

"In ka gama dubawa, Yaya, rufe mu tafi," in ji ƙanen. "Yara na gida suna jiranka."

Mun gode, Baba Fasinja, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma da kuka gaji aikinsa, kafin ku buga hatimi a kan kowace mota, ku shiga baya ku rufe ƙofa, ku ga ko za ku iya fita.