Tulun da Kakata Ta Hana a Fasa

Ƙarar keken ɗinkin maƙwabcina ce take tuna mini da wani Bafaranshe, domin haka akwatin ɗaukar hotonsa yake kuka idan ya murɗa hannunsa.

Ina 'yar shekara tara ya sauka a gidanmu a Kademi, zamanin Turawa, cikin zafin bazara. Kawuna, wanda ya ji Faransanci a fataucin Damagaram, shi ya zo da shi, shi ne kuma tafintansa. Ya ce mana a ƙasarsu mutumin marubucin waƙoƙi ne, an yi ta yi masa dariya wai waƙarsa ba kai ba gindi, sai ya ajiye alƙalami ya koma shirya majigi. Bai nemi ganin hakimi ba. Kakata, maginiyar tukwane, ita ya zo gani.

Ya zaga cikin tukwanen da aka gasa, ƙanshin toka bai bar su ba, ya ɗauki wani ɗan tulu mai karkataccen baki. Nawa ne, na farko da kakata ta yarda ya shiga wuta. Yana so in ɗora shi a ka in sake shi ya fashe, shi kuma ya juya hoton da baya, a ga tulun ya haɗe ya koma kaina.

Kakata ta karɓe tulun daga hannunsa.

"Gaya masa kowa ya iya fasawa," ta ce da kawuna. "In abin mamaki yake nema, ya zauna ya ga yadda ƙasa take zama tulu."

Baƙon ya yi ta kawo hujja, ba ta ko ɗago kai ba. Washegari muka same shi tsugune a bakin ramin yumɓu. Kwana shida ya yi yana ɗaukar hoton hannayenta da nawa, har fatar wuyansa ta saɓule. Ran tafiya ya sa kawuna ya gaya mata ta fi shi iya waƙa.

Ban taɓa ganin majigin ba. Yau robobi sun kori tuluna daga gidajenmu, jikata kuma ta nemi majigin a wayarta ba ta samo shi ba. Ban damu ba. Na san akwai wata ƙasa mai nisa inda kakata take zaune har yanzu, tana gyara mini riƙon yumɓu.