Baba Famfo da Kalma Mai Rassa

Ruwan shayi bai tafasa ba tukuna, amma Baba Famfo ya riga ya yanka kwalin sabulu gida huɗu, ya lashi bakin fensir, ya sunkuya. Kullum haka yake yi kafin ya fita aiki. Ya rubuta haruffa uku na Turanci, run, a ƙarƙashinsu ya sa da Hausa: hanci yana yoyo. Ya huda kwalin da ƙusa, ya zura masa waya, ya rataye shi a jikin tsohon bututun da ya gitta a taga. Kwali talatin da ɗaya ke nan suna lilo a wurin, duk kalma ɗaya ce a kansu.

"Yau kuma me ta zama?" in ji matarsa, tana ɗauraye kofuna.

"Majina."

"Jiya inji ce, shekaranjiya 'yar takara. Malam, wannan kalmar taka ba ta da gidan uba ne?"

"Tana da shi. Shi nake nema."

Shekara talatin da huɗu yana gyaran famfo a babban asibitin da ke bayan layinsu. Yakan ɗora kunne a bango ya faɗi inda ruwa ke kuka a ciki, a fasa a tarar haka ne. Aji uku ya yi a makaranta mahaifinsa ya miƙa shi koyon sana'a, saboda haka Turancinsa na bakin aiki ne, iyakarsa sufana da bawul da tanki. Sai bara aka fito da doka: duk mai taɓa tukunyar ruwan zafi da injin tura ruwa sai ya riƙe takardar shaida. Jarrabawa ce a rubuce, da Turanci. Wanda bai ci ba ya ajiye sufana.

Autarsa, wadda ke koyarwa a firamare, ta kawo masa tsofaffin tambayoyi da ƙamus. A nan ya yi karo da kalmar. Shi da ma'anar gudu ya san ta, irin na ƙafa. Sai ga ta a shafin farko tana nufin a bar inji yana aiki, a na biyu tsawon bututu daga gwiwa zuwa gwiwa, a na uku tanki ya ƙafe. Da ya buɗe ƙamus ya tarar ita kaɗai ta cinye shafi uku, da rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa.

"Baba, haddace amsoshin kawai," in ji Auta. "Kowa haka yake yi."

"Kowa shi ya sa bangon ɗakin haihuwa ya jiƙe shekara biyu. Ni ban taɓa yanka bututu ban bi shi na ga inda ya dosa ba."

Haka ya bi ta, reshe bayan reshe. Ya tare likita a matattakala, ya tare direban motar asibiti yana wanke taya, ya tare mai wanki da ta ce kalar zani ma in ta zuba kalmar ake kira. Ma'aikatan jinya suka sa masa suna Ɗalibi.

"Ɗalibi, an yi aikin gida kuwa? Ko a kira iyayenka?"

"Ku kira su. In sun zo ku gaya musu wa ke cusa auduga a magudana."

Ranar jarrabawa ya zauna a cikin sa'o'in 'ya'yansa, ya sa tabarau, ya karanta kowace tambaya sau uku. Duk inda ya ga kalmar sai ya ji kamar ya haɗu da maƙwabci a baƙon gari. Yana tsaka da wannan aka ce a ajiye biro. Tambaya goma sha ɗaya bai ko kalle su ba.

Bayan mako uku manajan ma'aikata ya aika a kira shi. Mutum ne mai ladabi, bai kai arba'in ba, ya miƙe ya jawo masa kujera da kansa. Fanka tana kaɗa takardun tebur, ya danne su da kofi.

"Baba, arba'in da shida ka samu. Hamsin ake nema."

Baba Famfo ya dubi tafin hannunsa.

"Amma kada ka damu. Akwai gurbi a sito, na riƙe maka. Ka zauna a inuwa, kana miƙa kaya. Ba hawa tsani, ba shiga rami."

"In miƙa wa wani sufana ya je ya murɗe min bawul?"

"Baba, shekaru fa sun ja."

"Sun ja, ban musa ba. Sau nawa ake zama wannan abin?"

"Sau biyu. Na biyun nan da mako shida ne. Sai dai in gaya maka gaskiya, gurbin siton ba zai jira mako shida ba. In ka sake faɗuwa, ba famfo, ba sito, sai gida."

Fanka ta yi ta juyawa. Baba Famfo ya miƙa hannu.

"Mu ga takardar jarrabawar."

Manajan ya ba shi. Ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, leɓensa na motsi.

"Cikin waɗanda na amsa, nawa na kuskure?"

"Biyu."

"Biyu kacal? To ai ba Turanci ne ya kayar da ni ba, ranka ya daɗe, agogo ne. Shi kuwa Auta za ta riƙe min shi kullum da safe, ta riƙa tsawata min."

"Ka je ka yi shawara da Mama tukuna."

"Ita za ta ce in karɓi sito, don ta samu tagarta. Rubuta sunana a zama na biyun."

Manajan ya jawo fom ya rubuta, ya juyo masa da shi. Baba Famfo ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, ya mayar da biro. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa daga gindin kujera, ƙarafan ciki suka yi ƙara, ya saɓa ta a kafaɗa ya fita.