Hayaƙin Ɗakin Inna

Tsohon ɗakin Inna na ciyawa ne. In ta hura wuta a ƙarƙashin gadonta na ƙasa lokacin ɗari, hayaƙi yakan bi ta cikin jinka ya fita a hankali. A sama, daidai kan wutar, take rataye zangarniyar geron iri da ta gada wurin uwarta. Hayaƙi ya baƙanta shi, ƙwaro ba ya kusantarsa har damina.

Ƙanena ne ya rushe ɗakin, da kyakkyawar niyya. Ya dawo daga ci-rani ya gina mata na siminti da kwano, da ƙofar ƙarfe mai rufuwa gam, aka sake ɗora mata gadon ƙasa a ciki. Kowa a ƙauyenmu ya zo ya sa albarka. Ni ma na sa, amma idona yana ta neman inda hayaƙi zai bi, ban gani ba.

Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, sai dai ban manta ranar da mushe, malaminmu, ya kunna kyandir ya kife shi da kwalba ba. Muna kallo wutar ta yi ƙasa ta mutu. Ya ce wuta da mutum iska ɗaya suke ci.

Da ɗari ya shigo na je gaishe ta da safe. Ina buɗe ƙofa hayaƙi ya buge ni a fuska. Tana zaune bakin gado, ido ja, tana tari mai fitowa daga can ciki.

Na ce, "Inna, ɗakin nan zai kashe ki."

Ta ce, "Kai ɗan nan, tun kana goye kake tsoron inuwarka. Hayaƙin da ya rene ka ne yau ya zama dodo?"

Ranar kasuwar Dungas na hau kabu-kabu na tafi wurin wani mai walda. Ya yi mini bututu na ƙarfe, ya ce bututun ya tashi a miƙe daga bayan ramin wutar, ya ɗara kan rufi, a sa masa hula saboda ruwa, kuma kada ya taɓa katakon rufi. Ya ce a huda bango daga ƙasa, don in iska ba ta shiga ba hayaƙi ba zai fita ba. Na yi ta maimaita tambaya har ya gaji.

"Malam, bututu ka zo saye ko hadda ka zo yi?"

Abin ya yi aiki. Kullum da safe nakan tsaya in ga hayaƙi yana fita ta sama, tarin ma ya lafa. Wannan ɗarin kaɗai na samu kwanciyar rai.

Da damina ta matso Inna ta sauke irin da ta rataye a sabon ɗakin, wanda hayaƙi ya daina kaiwa gare shi. Ta murza zangarniya ɗaya a tafinta, sai gari da ƙwari. Ba ta yi faɗa ba. Ta hure tafin, ta daɗe tana kallonsa. Ƙanwarta da ke aure a Waca ce ta aiko mata da ɗan abin da ya rage na irin uwarsu, shi muka shuka.

Ɗari na biyu, na tsaya da safe ban ga hayaƙi a bakin bututu ba. Na shiga na tarar ta cusa tsumma a gindinsa, ta toshe hudar bangon da tubali. Na cire, ta mayar. Na ce mu zuba irin cikin toka mu rufe a jarka, ta ce ita ba ta san wannan ba. Na ce in gina masa ƙaramar bukka daban a riƙa hura wuta, ta ce ba za ta kwana nesa da shi ba, ga ɓera ga awaki.

"Inna, iri ana samu a kasuwa."

"Na uwata? A wace rumfa?"

Na kai ta likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya saurari ƙirjinta ya ce a raba ta da hayaƙi. Na ce to. A hanyar dawowa tana riƙe da rigata a bayan moto, ina jin numfashinta yana kukan usur a kunnena. Washegari tsumman ya koma wurinsa. Na rasa yadda zan yi. Uwa ce, ba zan ɗaure mata hannu ba.

Ba ta kai damina ba. Abu na ƙarshe da ta ce mini, da kyar, shi ne kada in bar ƙwaro ya ci.

Irin ya tsira lafiya lau, ya yi kyau a gona. Na zaɓi manyan zangarnu na rataye su inda take ratayewa. Yanzu in ɗari ya zo ni nake shiga ɗakin da ba kowa, in hura wuta ƙarƙashin gadon, in cusa tsummanta a bututun da na sayo, in fito in ja ƙofa. Sai in zauna a ƙasa jikin bango ina jira hayaƙi ya cika ɗakin.